Kwaɗon Hinnerk Dammann

A garinmu Winsen babu wanda bai san Hinnerk Dammann ba, domin ko ba ka tambaya ba zai gaya maka ko shi wane ne. Da can yana da shago a bakin kasuwa, yana sayar da murhu da tukwane. Ko kuwa fenti ne? Ya shige mini. Shago ne dai mai ƙararrawa a ƙofa. Abin da ba a bari kowa ya manta ba shi ne, wata shekara a bikin ƙungiyar maharba, shi ya harbo guntun ƙarshe na tsuntsun katakon da ake gasar harbi daga kan sanda, aka naɗa shi sarkin maharba. Waɗanda suka tsaya kusa sun ce iska ce ta kayar da guntun. Sarautar ta shekara ɗaya ce, amma Hinnerk bai taɓa sauka ba. Ya sa aka ƙera masa sarƙar lambobin azurfa irin ta ainihi da ake rataya wa sarkin, ya ajiye ta tare da koren kwat da hula mai gashin tsuntsu, yana jiran duk wata hidima da za ta ba shi dalilin sa su.

Matarsa Gesche mace ce mai ƙarancin magana. Tun ranar aurensu ya yi mata alkawarin zai kai ta ta ga duwatsun Norway daga kan jirgin ruwa. Ta jira har gashinta ya yi fari, daga ƙarshe 'ya'yansu ne suka saya musu tafiyar: babban jirgin yawon shaƙatawa mai tashi daga Kiel. Duk tsawon hunturu Gesche na bakin keken ɗinki, tana ɗinka wata shuɗiyar riga da za ta sa a daren liyafar kyaftin. Ta ninke ta cikin takarda, ta sa a ƙaramin shuɗin akwatinta mai ƙarfin jiki, ta rufe.

Maƙwabcinsu Ottmar Lemke da matarsa ma jirgin za su shiga. Ana gobe tafiya, wata mota ta zo ta kwashe akwatunan su Ottmar. Hinnerk na tsaye a bakin shinge, hannu a ƙugu.

"Maƙwabci, gwanjon kaya kake yi?"

"Ranka ya daɗe, sarki," in ji Ottmar, "mu talakawa mun tura kaya gaba. Gobe bas ɗin masu jirgin zai ɗauke mu har bakin ruwa. Akwai sauran kujeru biyu, in fada ta yarda."

"Bas!" Hinnerk ya yi dariya har da buga shinge. "Ni Hinnerk a zuba ni a bas kamar 'yan makaranta? Jirgin ƙasa zan hau. Hanyar nan ko ido rufe na san ta. Kafin bas ɗinka ya fita daga cunkoson Hamburg, ina saman jirgi ina shan kofi ina ɗago maka hannu."

"Da akwatuna nawa?"

"Ƙarfi ba ya ɗaukar kaya, Ottmar. Tsari ke ɗauka."

Gesche ta leƙo ta taga ta ce, "Hinnerk, koren kwat ɗin nan da sarƙarsa ba za su bi mu ba. Na faɗa maka."

"Wa ya ce za su bi mu?"

Da yamma, tana gidan ƙanwarta kai mabuɗin gida, ya buɗe shuɗin akwatin. Shi kaɗai ne mai ƙarfin da gashin hula ba zai karye a ciki ba. Ya cire rigar da takardarta ya cusa a babban akwati ruwan ƙasa, ya shimfiɗa kwat da sarƙa da hula a gurbinta. In an isa jirgi sai ya mayar da komai, wa zai sani?

Akwatunan huɗu ne. Wani lokaci ina ganin kamar biyar, amma bari mu tsaya a huɗu. Babban cikinsu har suna ya sa masa, Giwa. Tun a tashar Winsen Giwa ya taka ƙafar wani mai karatun jarida. A Hamburg kuwa, inda za su canja jirgi, Hinnerk ya ƙi jiran lif, ya ce na ragwaye ne. Ya jera akwatunan a kan matakala mai tafiya da kanta, Giwa ya kufce ya riga su sauka, mutane na darewa hagu da dama. Wata tsohuwa ta bi akwatin da kallo ta ce, "Wannan shi kaɗai yake tafiya, ko yana da iyaye?"

"Da gangan na sake shi," in ji Hinnerk. "An rage lokaci."

Jirgin Kiel na tsaye. Ƙofar da ta fi kusa da su ta can baya ce, wurin ajiye kekuna, nan suka tura kayan da ƙyar. Taragon cike yake da mata 'yan ƙungiyar wasan kegel, masu mirgina ƙwallo su zubar da sanduna, sun fito yawon shekara. Duk rigarsu iri ɗaya, ruwan hoda, ga ƙananan kwalaben giya na zagayawa, ga tsiran alade da cuku a kan cinya. Shugabarsu wata ƙatuwar mace ce mai murya kamar ƙaho, sunanta Telse.

"Baba, ƙaura kuke yi?" in ji Telse.

Hinnerk bai kula ta ba. Ya zaro sarƙar kekensa daga jaka, ya zura ta cikin hannayen akwatunan huɗu, ya zagayo da ita jikin ƙarfen tarago, ya datse da kwaɗo mai lambobi.

"Mu ne ɓarayin?" wata ta tambaya.

"Mai hankali ba ya jiran ya ga ɓarawo."

Shekara da shekaru, in ya kulle kekensa, ƙafa ɗaya kawai yake juyawa a cikin lambobin, ta ƙarshe, in ya dawo ya mayar da ita. Amma yau ga mata sun zuba masa ido. Sai ya sa tafin hannu ya murza lambobin gaba ɗaya, ƙirrr, kamar mai gwaninta.

"Kana dai tune da lambar?" in ji Gesche.

"Yaya zan manta? Ranar da ta fi kowace rana girma a rayuwata na sa."

Matan suka ce, "Ayyaaa!" Telse ta dafa ƙirji. Gesche ta kalle shi, kallo mai ɗan tsawo.

Babu wurin zama a nan, kuma waƙa ta fara tashi. Hinnerk ya ja matarsa suka sauka, suka bi dandamali har can gaba, suka sami kujeru biyu a bakin taga. "Kaya a baya, mutane a gaba," ya gaya wa wani ɗalibi da ke fuskantarsu, wanda bai tambaye shi ba. "Ka riƙe wannan, zai yi maka amfani a rayuwa." Jirgi ya tashi. Lasifika ta yi ta magana, amma muryar Hinnerk ta fi tata, yana ba ɗalibin labarin tsuntsun katako.

Can sai ga mai duba tikiti, wata mace mai tabarau. Ta duba nasu ta ce, "Kiel? Kun zauna daidai. Wannan rabin ne mai zuwa Kiel."

Gesche ta ce, "Rabi?"

"A Neumünster ake raba jirgin. Na gaba ya yi Kiel, na baya ya yi Flensburg. Ai tun ɗazu ake ta faɗa."

"Na sani mana," in ji Hinnerk. "Wa bai san wannan ba?"

"To kayanmu fa?"

"Yana cikin tsarin. Yanzu zan je in taho da su."

Ya miƙe ya bi tarago har ƙarshe, sai ya ci karo da ƙofar ɗakin direba a rufe. Jirage biyu ne aka haɗa baki da baki, babu hanya a tsakani. Ya dawo yana gyara wuyan riga.

"Na duba, komai lafiya. A Neumünster zan sauka in ɗebo su. Ke dai ki zauna."

"Hinnerk, rigata."

"Rigarki kamar tana jikinki."

Jirgi na tsayawa ya yi tsalle ya sauka, ya ruga baya, yana kaucewa masu kekuna da masu karnuka. Ya faɗa taragon matan yana haki.

"Ga angon ya dawo!" in ji Telse. "Ina amaryar?"

Ya durƙusa gaban kwaɗo. Ya juya ƙafar ƙarshe, ya ja. Shiru. Ya sake juyawa, ya ja. Sai a lokacin ya tuna da murzawar da ya yi. Ya kalli lambobin, su ma suka kalle shi, babu wanda ya gane wani.

"Ranar da ta fi kowace rana girma," Telse ta tuna masa. "Ranar aure ke nan. Sa mana."

"Ita zan sa."

A watan Mayu aka yi, wannan ya tabbata. Ko Yuni. An dai ci asparagus a wurin walima, kayan lambun da sai a lokacin ake samunsa, to ba zai wuce waɗannan biyun ba. Ya gwada wata rana. Ya gwada ta kusa da ita. A waje aka ji ƙarar ƙarfe, ƙwal, an kwance jirgin. Ta taga ya hango rabin gaba yana sulalewa, da Gesche a ciki. Ƙofa ta yi ƙara ta rufe, nasu rabin ma ya motsa, ya karkata hagu.

"Barka da zuwa jirgin Flensburg," in ji wata siririya mai cin tuffa. "Ka taɓa zuwa? Akwai teku a can ma, sai dai babu jirginka."

"Akwai hanya ta Rendsburg," in ji Hinnerk. "Na san da ita. Can zan sauka in kama na Kiel. Ya ma fi sauƙi."

"Da ƙarfen taragon za ka sauka?"

Daga nan abin ya zama na kowa. Matan suka kewaye shi, kowace da shawararta. Wata ta ce ya gwada ranar haihuwar matar. Bai sani ba. Ta ɗan fari? Ya san dai ana sanyi. Wata ta kawo man shafawa a zuba wa kwaɗon, wata ta ciro abin gyaran farce ta hau gogar sarƙa, ya ƙare kafin sarƙar ta san ana yi. Mai duba tikiti na wannan rabin ya zo, ya tsaya ya kalli abin, ya ce shi ba ya yawo da zarto, kuma tikitin yallaɓai ba na wannan hanyar ba ne. Telse ta cusa masa tsiran alade a hannu ta ce ya wuce, ana jinya.

"Kira matarka, Baba."

"Ba sai an dame ta ba. Lambar na bakin harshena."

Jirgi ya hau doguwar gadar Rendsburg, can ƙasa jiragen ruwa na wucewa a cikin mashigi, farare tas. Hinnerk ya bi su da kallo. Jirgi ya zagayo ya sauka, ya tsaya a Rendsburg, ya buɗe ƙofa, ya jira, ya rufe, ya wuce. Hinnerk na durƙushe, gwiwoyin wandonsa sun yi baƙi da man sarƙa.

Telse ta miƙa hannu. "Kawo wayar."

Ta kira, ta danna yadda kowa zai ji, ta riƙe masa a baki. Kowa ya kasa kunne, har mai tuffa ta daina tauna.

"Gesche? Ni ne. Komai na tafiya daidai."

"Ina Kiel, Hinnerk. Ga su Ottmar nan, sun daɗe da isowa, har sun sha kofi. An ce in aka rufe ƙofar shiga, an rufe ke nan. Kana ina?"

"Kusa. Wata 'yar tambaya ce, don in gwada ki. Ranar nan tamu, ta aure, nawa ga wata ne?"

Ana jin kukan tsuntsayen teku ta cikin wayar.

"Ita ka sa a kwaɗon?"

"Wace kuma zan sa?"

"Hinnerk, mutumin da bai san rana ba, ba zai sa ta a kwaɗo ba. Gwada ranar da iska ta kayar maka da tsuntsu."

"Ba iska ba ce!" Amma yatsunsa sun riga bakinsa. Wannan ranar ko a barci aka tashe shi zai faɗe ta. Ya jera lambobin, ya ja.

Ƙyas. Kwaɗo ya buɗe.

Kai, ban taɓa jin an kwatanta ihu irin na taragon nan ba. Wata ta faɗi a kan kujera tana riƙe ciki. Telse ta sunkuya kan wayar ta ce, "Yaya, ki yi haƙuri, muna da irinsa a gida kowaccenmu. Kina so mu wuce da shi Denmark mu bar shi can?"

"A'a," in ji Gesche. "Ku turo mini rigata. In ya biyo ta, ba laifi."

Jirgi ya fara rage gudu, Schleswig ke nan. Tsayawar gajeriya ce. Telse ta tsara matanta kamar a filin wasa. "Kai sauka ka karɓa, mu mu miƙo. Wanne za a fara?"

"Shuɗin!" in ji Hinnerk. Bakinsa ne ya faɗa, bai yi shawara da kowa ba.

Telse ta duba sunan da ke rataye a hannun akwatin. "Gesche Dammann. Kun gani? Na matarsa ya fara ceta. Ashe da sauran kirki a jikinsa."

Suka zare shuɗin daga sarƙa suka miƙa masa. Saura uku, har yanzu sarƙar na cikin hannayensu. Maimakon su zare ta, sai mata shida suka ɗaga su gaba ɗaya, Giwa ya gindaya a bakin ƙofa, na ruwan ƙasa ya hau kansa, na ukun ya maƙale a ƙarfe. Hinnerk na ja daga waje yana ba da umarni, su suna turawa, hannun Giwa ya tsinke ya biyo shi, ya zauna daɓas a kan dandamali. Akwatunan suka koma ciki da matan gaba ɗaya. Ƙofa ta rufe.

"Za mu bar su a tashar Flensburg!" Telse ta yi ihu ta taga. "A gaida amarya!"

Yadda ya kai Kiel ban riƙe shi duka ba. Na san ya sami wani ƙaramin jirgi mai tsayawa a kowane ƙauye, kuma an ce duk hanya a tsaye ya yi ta, a bakin ƙofa, kamar hakan zai ƙara masa gudu. Daga tashar Kiel ya bi bakin ruwa da gudu, shuɗin akwati na tsalle a bayansa, hannun Giwa har yanzu a ɗaya hannun, ya manta bai yar ba. Ga jirgin can, ya fi cocin garinmu tsayi, mutane sun cika samansa.

A zauren shiga ba sauran kowa sai ma'aikata, da Gesche a tsaye bayan shingen bincike, jakarta a hannu. Ta ƙi hawa. Ottmar da matarsa na gefenta, da wasu fasinjoji da suka ji labari suka sauko kallo.

"Ranka ya daɗe!" Ottmar ya ɗaga murya. "Tun ɗazu nake duba saman jirgi ko zan ga ana ɗago mini hannu. Ina sauran rundunar?"

Hinnerk ya tsaya ya ja numfashi. Ganin taro, sai ƙirjinsa ya buɗe da kansa.

"Sauran suna Flensburg, na ajiye su a wurin amintattu. Mutum ya san abin da zai ɗauka da abin da zai bari. Jirgi na tafiya, ƙofa na rufewa, aka ce in zaɓi ɗaya. Na ce a ba ni na matata! Ni in tafi tsirara, ba komai."

Wata mata a cikin 'yan kallo ta share ido. Gesche ta kalli shuɗin akwatin, fuskarta ta saki, har ta ɗan yi murmushi.

Ya ɗora akwatin a kan na'urar bincike. Akwati ya shiga, na'ura ta yi ƙara. A daidai wannan lokacin ne Hinnerk ya tuna da yammacin jiya.

"Yallaɓai, akwai ƙarfe da yawa a ciki," in ji ma'aikacin. "Buɗe mana."

"Maɓallan riga ne. Kayan mata, bai kamata a buɗe a gaban jama'a ba."

"Buɗe, Hinnerk," in ji Gesche.

Ya buɗe. Gashin hula ne ya fara miƙewa tsaye, lafiya lau, ko lanƙwasa bai yi ba. Ma'aikacin ya ɗago sarƙar azurfa, lambobin na kaɗawa, ƙaca-ƙaca, har ƙarshen zauren ana ji. Ƙarƙashinta ga koren kwat a ninke.

Ottmar ya cire hularsa ya rusuna har ƙasa. Matar da ta share ido ta ce a dawo mata da hawayenta.

Gesche ta tako a hankali. Ta duba cikin akwatin, ta ɗaga kwat ɗin ko akwai wani abu a ƙasa. Babu. Ta shafa ƙyallen, ta auna kafaɗarsa da tata.

"Rigata tana ina?"

"Flensburg," in ji Hinnerk, da wata murya da ba a san shi da ita ba.

"To. Ka ce wannan akwatin nawa ne?"

"Na ce."

"A gaban mutane ka faɗa."

Ta rufe akwatin, ta ja abinta ta hau jirgi. Shi ya biyo baya da hannun Giwa, aka janye matakala a bayansa.

A daren liyafa Gesche ta shigo da koren kwat, ta kama shi da allura ya zauna mata cif, sarƙar azurfa a wuya, hula a karkace. Zaure ya tashi da tafi. Kyaftin da kansa ya taso ya nemi ta yi rawa da shi, daga ranar har aka dawo ba mai kiranta sai Sarauniya. Ta ga duwatsunta, ta ga ruwa na zubowa daga samansu, an ce har ta yi kuka kaɗan. Hinnerk kuwa ya yi tafiyar da wando mai baƙin gwiwa da rigunan aro na Ottmar, waɗanda ba sa rufe masa cibiya. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji cewa shi ya tsara shigar matar tasa tun daga gida.

Akwatunan sun dawo Winsen daga baya, da sarƙar keke da kwaɗon, har da ƙaramar kwalba da matan suka sa a aljihun Giwa. Gesche ta ɗauki kwaɗon ta canja masa lamba, ta datse ƙofar ɗakin ƙasa inda Hinnerk ke ajiye giyarsa. Ta ce lambar ba ɓoyayya ba ce, ranar aurensu ce, duk sadda ya tuna ya buɗe ya sha. 'Ya'yan an ja musu kunne, Ottmar kuwa ya ce shi talaka bai san asirin fada ba.

Rannan sai ga Hinnerk a gidana, wai ya zo duba lafiyata. Ya zauna, ya yabi littattafaina, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya matso ya ce ai ina wurin ɗaurin auren, har na yi jawabi. Haka ne, ina wurin. Na rufe ido na yi iyakar ƙoƙarina saboda maƙwabtaka. Na ce masa na tuna an yi ruwa, kuma an ci asparagus.

Ya ce wannan shi ma ya sani.